Kwanukan Ruwan Mama Dinah

Ranar da aka ɗauki Walida ranga-ranga aka yi asibiti da ita, Mama Dinah tana tsaye a ƙarshen baranda da butar ban-ruwa a hannu, kuma har aka shige lif da yarinyar ba ta iya ajiye butar ba. Ta ga Hafsatu, uwar yarinyar, hijabi a baibai, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na mijinta. Ta ga kan Walida yana lilo a kafaɗar ubanta Zahraddeen. Yarinyar da ko abinci take ci bakinta ba ya hutawa da surutu, ranar ko uffan ba ta ce ba.

"Maman Walida, lafiya?"

"Fever ɗin ya ƙi sauka, Mama. A clinic sun ce zazzaɓin denggi ne, mu wuce hospital yanzu-yanzu. Ki sa mu a addu'a."

Ƙofar lif ta rufe. Mama Dinah ta ji gabanta ya yanke ya faɗi, amma a lokacin tsoron nata irin na kowa ne, tsoron maƙwabciyar da take son ɗiyar maƙwabta. Ba ta san cewa da sauran wanda ya fi shi yana jiranta a bayanta ba, cikin akwatunan katako huɗu da ta jera a jikin bango.

Duk wanda ya zauna a wannan dogon bene na Pantai Dalam, a birnin Kuala Lumpur, ya san akwatunan nan, ko da bai san mai su ba. Kowanne da murfin gilashi a karkace, ciki kuwa alayyafo ne da yakuwa da rama da gauta, sai ɗan latas da kullum yake fitowa da ɗaci amma ta ƙi haƙura da shi. Maƙwabta 'yan ƙasa sukan tsaya su leƙa su yi murmushi. To ai dole. A garin da mutum ke fitowa daga wanka yana zufa, ga wata dattijuwa ta yi wa ganye ɗakin fakewa daga sanyi.

Ba a Kuala Lumpur ta koyi abin ba. Dinah 'yar wani ƙauye ce a bayan Vom, can kan tsaunin Filato, inda sanyin Disamba ke shiga ƙashi ya sa tsoho kuka. Ubanta, Baba Levi, ya yi aikin lambu a gidan mishan tun yana saurayi, a can ya ga yadda ake rainon iri a akwati mai murfin gilashi, ya dawo gida ya ƙera nasa da tsofaffin tagogi. Lokacin da sanyi ke ƙone irin tumatir da latas na mutane a fili, nasa yana kwance lafiya a ƙarƙashin gilashi, shi ya sa kayansa kan riga na kowa isa kasuwa. Dokarsa uku ce, kuma ba ya maimaita magana. Da hantsi a ɗaga murfi shuka ta sha iska. Da la'asar a rufe tun rana ba ta tafi da ɗuminta ba. Sannan kowane akwati a ajiye masa kwanon ruwa a kusurwa, kwanon da aka baƙanta da hayaƙi, domin ruwa yana shan rana da yini, in sanyi ya sauko sai ya riƙa sakar wa shuka ɗumin a hankali. Cika kwanukan nan aikin Dinah ne tun ba ta kai tsawon akwatin ba. Sau ɗaya ta manta ta tafi wasa, sanyi ya cinye akwati guda na tumatir, kuma bulalar da ta sha ranar ta ishe ta har tsufa.

Da wannan sana'a ta yi aure, da ita ta riƙe gida lokacin da aikin mijinta Julius ya tsaya, da ita ta yi shekaru tana sammakon kai kaya kasuwar Farin Gada a Jos. Ta ga rikici, ta kwana a daji da goyo, ta binne 'ya'ya biyu, daga baya ta binne Julius ɗin ma. Mace ce gajera mai ƙarfin hannu da kaifin baki, wadda in ta ce haka ake yin abu, to gara ka bar ta. 'Yarta ɗaya da ta rage, Comfort, ita ce ta samu gurbin karatun digiri na uku a jami'ar da ke nan Lembah Pantai, kuma da ta ga gwiwa ta fara cin uwar, ga kaɗaici, sai ta matsa mata har ta hau jirgi.

Watannin farko Mama Dinah ta sha wuya. Lif yana juya mata ciki, jirgin ƙasan da ke tafiya a kan siradi ɗaya a sama kuwa sai da Comfort ta riƙe mata hannu kamar yarinya. Zaman ɗaki ya ishe ta. Ta je kasuwar Chow Kit ta ga ganye iri-iri, ta murza ta sansana, ta ce duk ruwa ne babu ɗanɗano, ba za a yi gwaten acca na kirki da su ba. Wata 'yar cocinsu ta ba ta iri, ta shuka a robobi, ruwan saman garin nan mai sauka kamar da bakin ƙwarya ya kwantar da su a yamma ɗaya. Ana haka aka canza tagogin benen, aka zubar da tsofaffin a bayan gida. Ta tsince su, ta roƙi akwatunan kayan marmari a Chow Kit, ta samo guduma. Comfort ta dawo daga makaranta ta tarar da uwarta da ƙusa a baki.

Shukar farko ta dahu a ƙarƙashin gilashin kamar an turara ta, don ta rufe ruf irin na gida. Ba ta ji kunyar koyo ba. Ta gane cewa a nan gilashi laima ce kawai, sai ta riƙa tokare murfin da kara, ta sauke shi da yamma in hadari ya haɗo. Ta canza ƙasa, ta canza lokacin shuka, ta canza kusan komai. Kwanon ruwa ne kaɗai ta ƙi taɓawa.

"Mama, nan fa babu winter," in ji Comfort. "Wane ɗumi kuma kike ajiye musu? No need lah."

"Latas ɗin nan shi ya kai ki makaranta, yau ke za ki koya mini shi? Akwati ba kwano ai ba akwati ba ne."

Comfort ta yi dariya ta bar maganar, ganye ya girma ya rufe kwanukan, kowa ya manta da su ban da mai su. Kullum tana ƙara musu ruwa mai tsabta, wanda ko ita za ta iya sha. Ba ta zubar da na jiya, ƙari kawai take yi, kamar yadda aka koya mata.

Walida kuwa da ƙafarta ta kawo kanta. Iyayenta Kanawa ne, ƙofarsu ce ta biyu daga akwatunan. Shekararta biyar, a nan aka haife ta, in an yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci ko Malayanci, abin da ke ƙona wa Hafsatu rai ke nan. Ita ta laƙaba wa Mama Dinah suna Nenek, wato kaka a bakin 'yan ƙasar. Da safe kafin a kai ta makaranta sai ta rugo ta ɗaga murfi, da la'asar ta dawo a sauke tare. Takan cusa kanta cikin akwatin har kafaɗa tana gaida ganyaye ɗaya bayan ɗaya. A nan ta koyi cewa yakuwa, ta koyi cewa gauta, har ranar da ta shiga gida ta ce wa uwarta miya ta yi tsami, Hafsatu ta fito da gudu tana yi wa Mama Dinah godiya kamar an ba ta kujerar Makka. Mama Dinah ba ta da jika. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma saboda ƙarar ƙafar yarinyar nan a baranda take ɗokin wayewar gari.

To, da yammacin ranar da aka tafi da Walida, Comfort ta dawo a firgice ta shiga duba gida. Ta kife bokitin banɗaki, ta zare farantin da ke ƙarƙashin firji, ta leƙa bayan injin wanki, tana yi tana magana.

"Mama, wannan sauron mai kawo denggi ba irin na gida ba ne. Ba ruwansa da kwata, ba ruwansa da dare. Clean water yake so, ko cikin murfin kwalba ne zai yi ƙwai. Kuma da safe yake cizo, da kuma yamma kafin magariba. Baƙi ne, da zanen fari a ƙafa. In kin ga ruwa a ajiye ko'ina, please ki zubar."

Mama Dinah tana zaune tana tsince acca a tire. Hannunta ya tsaya. Ita a duniyarta sauro abin dare ne, abin ƙazamin ruwa, abin da ake yi wa gidan sauro a kwanta lafiya. Wa ya taɓa jin sauron da ke son ruwan sha, yake fita cizo da hantsi kamar mai zuwa aiki? Ta ajiye tiren a hankali. Ta ce za ta je ta sauke murfi.

Ta tsuguna a gaban akwatin farko, gwiwar na ƙara, ta ture ganyen alayyafo gefe. Ruwan kwanon garau yake, har tana ganin ƙasansa. Sai da inuwarta ta faɗa a kai ta ga abin ya motsa. 'Yan tsutsotsi ne sirara, suna wutsil-wutsil suna nutsewa ƙasa, ba ɗaya ba, ba goma ba. Ta buɗe na biyu, haka. Na uku ya fi yawa. Tana buɗe na huɗu wani ɗan baƙin sauro ya taso daga ƙarƙashin ganyen gauta ya sauka a bayan hannunta, ta ga farin zanen a ƙafarsa da idonta. A daidai wurin nan Walida ke cusa kai.

Ta ji kunnenta ya toshe kamar ta nutse a ruwa. Ta taɓa jin ƙarar bindiga a bayan gidanta, ta taɓa gudu da yaro a baya, amma a duk waɗancan akwai wanda ake guje wa. Wannan karon ita ce, da hannunta, da butarta, kowace safiya.

Abin da ta yi daga nan ba abin yabo ba ne, kuma babu amfanin a yi masa kwalliya. Ta waiga hagu da dama, ta ga babu kowa a baranda, ta kwashe kwanukan ta tuttule a magudana, ta bi da ruwan zafi, ta dirje su da soson ƙarfe har baƙin ya fara fita, ta kife su a jikin bango. Ta koma ɗaki ta ci gaba da tsince acca. Comfort ta tambaye ta ko lafiya, ta ce gwiwa ce.

Kashegari ma'aikatan lafiya suka zo, kamar yadda suke yi duk benen da aka samu mai cutar. Wasu suka bi ƙasa da injin feshi, hayaƙi ya turnuƙe har sama, wasu suka bi ƙofa-ƙofa da tocila. Wata matashiya mai ɗankwali ruwan toka ta tsaya a kan akwatunan. Mama Dinah tana bayanta tana kallo. Matar ta ɗaga murfi, ta haska ƙarƙashin ganye, ta taɓa ƙasar, ta ga kwanuka a kife a bushe. Ta juyo da fara'a ta ɗaga babban yatsa.

"Bagus, makcik. Very good. Semua orang buat macam ni, takde denggi."

Comfort ta fassara mata da alfahari, wai in da kowa zai yi kamar ke da babu cutar nan. Mama Dinah ta gyaɗa kai. Da matar ta zage ta ne, ko ta kira 'yan sanda, da ta fi samun sauƙi.

Labarin asibiti ta wayar Comfort yake zuwa, kuma duk lokacin da wayar ta yi ƙara sai Mama Dinah ta kasa kunne. Yau an ce tana amai. Gobe an ce ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini suna ta sauka. Mama Dinah ta daina cin abincin kirki. In ta durƙusa za ta yi addu'a sai ta kasa kai ƙarshe, don ba ta san da wane baki za ta roƙi Ubangiji Ya ceci yarinya alhali ta ɓoye kwanuka. Ranar Lahadi a coci aka sa sunan Walida cikin addu'o'i, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana jin kamar kowa ya sani. Ta yi ta gaya wa kanta cewa benen nan gidaje ne rututu, ga makarantar yara, ga filin wasa, sauro ba ya ɗauke da sunan mai shi. Gaskiya ne kuma. Amma duk lokacin da ta rufe ido kan yarinyar take gani a cikin akwati.

Da abin ya ishe ta sai ta dama gwaten acca, ta zuba a kula, ta ce wa Comfort ta kai ta asibiti. A bakin ɗakin yara suka tarar da Hafsatu zaune a benci, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta tashi ta rungume Mama Dinah.

"Mama, sannu da ɗawainiya. Wallahi ko makan, cin abinci na kirki, ban yi ba tun da muka zo, sai abin da Baban Walida ya yi tapau, ya ƙunso mana daga gidan abincin mamak. Allah Ya saka."

"Yaya jikin nata?"

"Zazzaɓin ya sauka tun safe."

"Mun gode wa Allah! Kai, mun gode..."

"A'a, Mama." Hafsatu ta riƙe mata hannu. "Doctor ya ce yanzu ne critical. In fever ya sauka, a lokacin ne jini ke iya ɓallewa. Sun ce daga yau zuwa jibi ne za a san inda aka dosa."

Aka bar ta ta shiga ita kaɗai na ɗan lokaci. Walida tana kwance a ƙarƙashin gidan sauro da rana tsaka, ƙarin ruwa a hannu, cikinta ya ɗan kumbura, fatarta duk ɗige-ɗigen ja. A gefen bakinta akwai busasshen jini daga dasashi. Mama Dinah ta tsaya ta kasa matsawa kusa. Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta daɗe tana kallonta kafin ta gane ta.

"Nenek," ta ce, murya can ƙasa. "Who open the box?"

Ko ba fassara ta ji. Ta juya ta fita tana bin bango.

A barandar asibitin, gaban Comfort, gaban masu wucewa, ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo a gaban Hafsatu, yarinyar da ta haifi kamarta.

"Maman Walida, ina da magana. A cikin akwatunan nan nawa akwai kwanukan ruwa, tun farko suna nan a ƙarƙashin ganye. Ranar da kuka taho na duba, na tarar da 'ya'yan sauro cike. Na zubar, na wanke, ban gaya wa kowa ba, ko Comfort. Masu dubawa sun zo ba su ga komai ba. A nan yarinyar nan take sa kanta safe da yamma. Ban sani ba, Allah Ya sani ban sani ba. Amma da na sani ɗin ma na ɓoye."

Comfort ta dafe baki. Hafsatu ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, kuma Mama Dinah ta so a ce ta yi. Ta dai zare hannunta a hankali, ta dubi kular gwaten da ke kan benci, ta dubi ƙofar ɗakin da 'yarta take.

"Mama, ki tashi, mutane na kallo."

"Ki yafe mini."

"Ba ni da wannan ƙarfin yanzu. Ki je gida. In Allah Ya tashi kafaɗarta ma yi magana."

Ba ta faɗi abin da zai faru in bai tashe ta ba, kuma wannan rabin maganar Mama Dinah ta ɗauka ta hau jirgin ƙasa da shi. A hanya Comfort ta yi ta ƙoƙari, tana cewa sai sauro ya ciji mai cutar kafin ya ɗauka, babu mai iya cewa daga ina ne, ko likita ba zai iya ba. Uwar kuwa tana kallon garin ta taga, ko'ina ruwa take gani, a kan rufi, a cikin tsohuwar taya, a gindin tukunyar fure, a ledar da aka yar.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta fita ba. Ta daina ba shukar ruwa, don hannunta ba ya iya ɗaukar butar. Alayyafon ya langaɓe, latas ya kwanta, ta ji su suna mutuwa a bayan bango ba ta leƙa ba. A cikin gida kuwa ta zama abin tausayi da ban haushi a lokaci guda. In Comfort ta sha ruwa ta rage a kofi, kafin ta juya an zubar an goge. Tsumma ba ya barin hannunta. Tana zaune kusa da ƙofa tana sauraron lif, kuma duk sanda ya tsaya a hawansu sai ta riƙe numfashi, tana jiran ta ji ko kuka ne zai fito daga ciki. Ta san yadda kukan yake, ta yi shi sau biyu.

Wayar ta yi ƙara wata safiya Comfort tana shirin fita. Ta ɗauka, ta saurara, ta zauna a ƙasa daɓas. Mama Dinah ta miƙe.

"Platelet, ƙwayoyin jinin nan, sun fara hawa, Mama. Ta sha tea. Ta ce a ba ta roti, gurasar nan."

Sai a lokacin Mama Dinah ta yi kukan da ta riƙe, ta yi shi har ta shiɗe.

Bayan an sallamo su, kwana da kwanaki ƙofar su Hafsatu a rufe take, Mama Dinah kuma ba ta da fuskar ƙwanƙwasawa. Ta fitar da busassun ganyen, ta juye ƙasar a buhu, ta jingine gilasan. Tana cikin wannan aikin ne wata la'asar, hadari ya fara haɗowa ta wajen tsaunuka, ta ji an buɗe ƙofa. Hafsatu ce ta tako har inda take, ta tsaya tana kallon akwatunan da babu komai a ciki.

"Sannu da aiki, Mama."

"Sannu, Maman Walida. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillah." Ta juyo ta dube ta. "Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye miki ba. Ba don ruwan ba, don shirun. Amma na yi tunani, ni ma kullum ina wucewa ta nan ban taɓa dubawa ba, kuma da kin so da har yau ban sani ba. Allah ne kaɗai Ya san inda ta ɗauka. Na yafe, Mama. Ki ma sake shukarki, boleh, ba komai, a bar ruwan kawai."

Mama Dinah ta gyaɗa kai.

"Abu ɗaya ne dai," in ji Hafsatu, ta rage murya. "Doctor ya ce mu kula sosai. Cutar iri-iri ce, wai in wani irin ya sake kama ta, na biyun yakan fi na farko haɗari. Shi ne yanzu ba na iya bacci." Ta share ido da gefen hijabi, ta yi ƙoƙarin murmushi. "Tun da muka dawo take damuna da Nenek, Nenek. Bari na kira ta ku gaisa."

Ba ta ma kira ba. Walida ta ji muryar, ta turo ƙofa ta fito da gudu-gudu irin na wanda bai gama warwarewa ba, da 'yar riga mai guntun hannu, ƙafa ba takalmi. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Hannayenta a buɗe, shatin allura ya yi baƙi a bayan ɗaya.

"Nenek! Nenek!"

Mama Dinah ta ga fatar hannuwan nan a fili, ta ga wuyan, ta ga rana ta yi sanyi, daidai lokacin da Comfort ta faɗa. Ko akwai sauro a barandar ko babu, ba ta tsaya dubawa ba. Wata murya ta fito daga ƙirjinta wadda ita kanta ba ta san tana da ita ba, har maƙwabcin can ƙarshe ya leƙo.

"Koma! Koma ciki! Kada ki zo nan! Na ce ki koma!"

Yarinyar ta ci birki a tsakiyar baranda, hannayenta har yanzu a sama. Ta dubi uwarta, ta dubi Nenek. Hausar nan kam ta ji ta sarai. Ta juya ta ruga ɗaki tana kuka, Hafsatu ta bi ta.

Mama Dinah ta tsaya a wurin, hannunta a kan bakin akwati. Tana jin kukan ta cikin bango, tana jin Hafsatu na rarrashi, tana cewa Nenek ba faɗa take yi ba, je ki ki gani. Ta yi addu'a a ranta kada yarinyar ta yarda ta fito.